Kwalbatin Yaya Kulu

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin Ƙofar Guga a tambaye ni, har mai wankin hula sai da ya tare ni ya ce, "Malam Lawal, ka ce kwana uku za ka yi, me ya riƙe ka wata guda?" Wasu ma sun yanke hukunci wai aure na ƙaro a can. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa na ƙara nashi gishirin, shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin sashen ayyuka ne a wata ƙaramar hukuma nan kusa da birnin Katsina. Gini da hanyoyi na karanta, kuma shekarata ashirin da shida a wurin. Ina da yaya mace, Yaya Kulu, wadda ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ina aji shida na firamare aka kai ta aure wani gari da ake kira Rafin Kuka, can gaba da Maraɗi. Duk tsawon shekarun nan ita ke zuwa mamu, ni ban taɓa taka garinta ba. Ko da mijinta ya rasu daminar bara, babban wanmu Alhaji Sule ne ya je gaisuwa, ni na fake da aiki. Da bazara ta shigo sai Alhaji ya kira ni ya ce, "Auta, Kulu ta tsufa, ga ciwon ƙafa, ga ba miji. Na sa an gyara mata ɗaki. Ka je ka taho da ita." Na ɗauki hutun mako guda na shirya.

Da hantsi na shiga motar Jibiya, don hanyar nan yanzu ba mai son yamma ta same shi a kanta. Mu huɗu aka jera a baya, kusa da ni wata Hajiya mai fataucin atamfa wadda ke ƙetarawa duk mako. Tun kafin mu bar gari ta gane baƙon hanya ne ni, saboda duk shingen da muka zo sai in gyara hula in fiddo katina in riƙe. Ta ce, "Malam, mayar da shi aljihu. Wanda ke son gani zai tambaya."

Wanda ke son ganin kuwa yana gaba. Mun wuce Magama, bakin iyaka, lafiya, muka shiga ɓangaren Nijar, wani jandarma dogo ya ce kowa ya kawo katin ɗan ƙasa. Na miƙa mashi katin ofis ina jin kaina. Ya juya shi gaba da baya, ya ce cikin Hausa tas, "Baba, wanga ya nuna inda kake aiki. Bai nuna ko kai ɗan wace ƙasa ne ba." Na zazzage jaka a kan benci, ga turaren Yaya, ga atamfarta, ga man zafi, babu kati. Fasinjoji na jira, direba na kallon agogo. Dole na bugo wa mai ɗakina waya. Ta ce, "Yana aljihun 'yar cikinka. Sau biyu na faɗa maka." Na cusa hannu ta wuyan riga na zaro shi a gaban jama'a. Jandarman bai yi dariya ba, Allah ya saka mashi, amma Hajiya mai atamfa ta yi ta biyu har Ɗan Isa.

A Maraɗi na sauka gidan Rabi, babbar ɗiyar Yaya, wadda ke aure a can. Garin bai yi mani baƙunta ba ko kaɗan. Maganarsu ta kakanninmu ce, irin wadda na riƙa ji a bakin tsofaffin cikin birni ina yaro, sai dai su kan tsoma Faransanci inda mu muke tsoma Turanci. Rabi ta kawo mani dambu da zogale wanda ya sha man gyaɗa, na ci har na ji kunya. Burodinsu ne dai ban iya ba, dogo kamar sanda, ɓawon ya yanke mani dasashi. Mijinta ya dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, na kurɓe kofin farko na yi godiya na tashi. Ashe sau uku ake zubawa, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce bai yi daɗi ba ne. Rabi ce ta jawo ni gefe ta faɗa mani, na koma na zauna na shanye sauran biyun.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta ce, "Kawu, da wuya Inna ta bi ka. Ka san fa kwansaye ce."

Na ce, "Tun yaushe ta kamu? An kai ta asibiti?"

Sai da ta dafa bango don dariya. Ashe kwansaye kansila ke nan. Yaya Kulu, wadda ko aji ɗaya ba ta yi a boko ba, zaɓaɓɓiyar kansila ce a majalisar garinsu, karo na biyu ma. Ta sha ce mana a waya tana da taro, mu kuwa mun ɗauka na adashe ne.

Washegari ranar kasuwar Rafin Kuka ce, na samu akori-kura. Kwalta ta ƙare tun da wuri, sauran duk rairayi. Dab da garin muka iso wani kwari mai faɗi, busasshe, direba ya ce kowa ya sauka a tura. Na sa kafaɗa tare da jama'a, motar ta zabura, ni kuma na kife, takalmina ɗaya ya nutse a yashi sai da aka taya ni tono. Haka na shiga garin yayata da ƙasa har a gemu.

Na same ta zaune a tabarma tana tsince wake. Ta rame, ga sanda a gefenta. Da na yi sallama ba ta amsa nan take ba, ta ɗago tana ƙanƙance ido, sai ta ce, "Wannan muryar Auta ce." Na durƙusa. Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, ta kakkaɓe mani yashin gemu kamar yadda take yi mani in na dawo daga wasa. Ta ce, "Har da furfura. Wa ya ba ka izinin tsufa?" Duk uzurin da na tanado na shekara arba'in, ita ba ta ko tambaya ba. Ta sa aka dama mani fura, ta zauna tana kallona har na shanye.

Bayan la'asar na isar da saƙon Alhaji. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya yi mashi albarka, ta ce da safe za mu yi magana.

Da safen ba ta yi magana ba, sai ta ɗauki sandarta ta ce in raka ta. Muka taka a hankali har bakin kwarin nan da na faɗi. Ta nuna mani tsallake, ta ce, "Ka ga farin ginin can? Likita ce." Haka suke kiran asibiti. Kasuwa da makaranta duk suna can, tsohon gari kuma yana nan. Ta ce ranar da ciwon Malam, mijinta, ya tashi an kwana ana ruwa, kwarin ya cika har baki. Suka ɗora shi a amalanken shanu suka kawo shi nan inda muke tsaye. "Muna ganin malamin likitan a tsallake, shi ma yana ganinmu. Yana ɗaga murya yana faɗa mamu abin da za mu yi, ruwa bai bari mu ji ba. Da ruwan ya janye washegari, Malam ya riga ya tafi." Ta faɗi haka ba kuka, tana tona ƙasa da bakin sandarta. Ta ce, "Kwana ya ƙare, na sani. Amma akwai mata masu ciki bakwai a unguwarmu yanzu, kuma damina saura wata biyu. Gobe majalisa za ta zauna. Kai ba aikinka ke nan ba? Duba mani wurin nan."

Na duba. Na sauka cikin kwarin na bi shi sama da ƙasa, na ga inda ruwa ya bar alama a jikin gaɓa, na ga wani wuri sama kaɗan inda ya tsuke kuma ƙasansa dutse ne. Tun ina tsaye na ga kwalbatin a idona.

Ta kai ni wurin magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukumarsu. Na sa rai zan ga sakatariya irin tamu mai ƙofar ƙarfe da masu gadi. Ɗaki uku ne da tuta, sai babur ɗaya a jingine a gindin bedi. Magajin garin, Malam Sanusi, tsohon malamin makaranta ne, na same shi da kansa yana buga hatimi a takardun haihuwa. Da ya ji inda nake aiki sai ya ajiye hatimin ya ce, "Ku ai kun ji daɗi. An ce duk wata kasonku na zuwa daga tarayya."

Na ce mashi yana zuwa, amma ba hannunmu yake faɗowa ba. Asusun haɗin gwiwa yake shiga, mu da jiha. Shugabanmu na da motoci da jiniya, amma in zai sa a gina kwalbati sai an rubuta takarda an kai sama an jira. Na ce akwai wani da na zana tun babban ɗana na goye, yau yaron yana koyarwa, fayil ɗin yana nan a durowata.

Ya jinjina kai ya ce, "Mu kuma doka ta ce makaranta tamu ce, likita tamu ce, ruwan sha namu ne. Anka miƙo mamu su duka da biki. Kuɗin da za su biyo baya ne har yau muke jira. Abin da muka tara a kasuwa da harajin kai, shi ne namu. Amma in majalisa ta ce a yi abu da shi, ba wanda zai ce a'a, sai in mun taka doka."

Muka zauna muna kallon juna, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya dace. Shekaru ina jin ana gardamar 'yancin ƙananan hukumomi a rediyo, ban taɓa fahimtar maganar ba kamar a ɗakin nan mai kujera uku.

Malam Sanusi ya ce ba mantawa suka yi da kwarin ba. Wani ɗan kwangila ya taɓa yi masu lissafin gada, abin ya fi ƙarfin garin ko da za su shekara biyar ba su sayi alli ba. Na ce ba gada ake buƙata ba. Na roƙi takarda da fensir, na wuni ina zane a kan tabarmar Yaya, ita kuma tana korar kaji daga kan takardun.

Zaman majalisar a rumfa aka yi shi, a fili, duk mai so ya zo ya saurara. Wannan ya ba ni mamaki, don mu namu zaman ko ni da ke cikin gidan sai dai in ji labari. Kansiloli goma sha ɗaya ne, mata uku. Abin da ke hannunsu aiki ɗaya zai yi, kuma akwai masu son a gina rumfunan kasuwa. Jagoransu wani Alhaji Idi ne, mai sayar da hatsi, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce rumfuna za su kawo haraji, harajin ne zai yi sauran ayyuka, kwalbati kuwa ba ya haihuwa. Ya ce kuma ta yaya za su ɗora dukiyar gari a kan zanen baƙon da ya zo shekaranjiya.

Aka ba ni dama na tashi. Na yi bayanin bututun siminti layi uku da za a zuba a nan garin, da bangon dutse a gefe biyu. Na ce faɗin wurin arba'in ne. Sai rumfa ta ɗauki guna-guni, wani tsoho ya ce ko kogin Kwara ne. Ashe ni ƙafa nake nufi, su kuma da mita suke awo. Malam Sanusi ya gyara, aka yi dariya, ni ma na samu gumin ya tsaya.

Yaya ce ta yi magana a ƙarshe, a zaune, don ƙafar ba ta barinta tsayuwa. Ba ta ambaci mijinta ba ko sau ɗaya. Sunayen matan nan bakwai ta kira, ɗaya bayan ɗaya, da watan da kowace za ta haihu. Ta biyar ɗin surukar Alhaji Idi ce. Ta ce, "Baƙon kuma ni na goye shi. In ya zuba maku aikin banza, ku zo ku kama ni." Aka ɗaga hannu, bakwai da huɗu. Alhaji Idi bai ɗaga ba, amma da aka tashi ya zo ya ce mani amalankensa biyu na nan in za a kwaso dutse.

Kada in sa ku ɗauka can aljanna ce. Sai da aka kai takardar wurin wakilin gwamnati na yankin ya duba ko ta bi doka, kuma da yake ni baƙo ne, sai injiniyansu ya sa hannu a zanena. Malam Sanusi ya yi sawu uku a babur. Kwana tara muna jira, ina ta cewa a raina to ga irin tamu ta biyo ni. A rana ta goma ya dawo da hatimi, injiniyan ya ƙara kaurin bango ɗaya, kuma ya yi daidai. Simintin da kuɗin ya saya bai kai yadda na so ba, dole na rage faɗin hanyar ta zama ta mota ɗaya.

Hutuna kuwa ya ƙare tun ana jira. Na bugo wa shugaban sashenmu ina ta shirya ban-haƙuri. Ya ce, "Au, Malam Lawal, ba ka gari ne?" Na ajiye wayar. Ban san ko dariya zan yi ba ko me. Yaya da ke jin mu ta ce, "To ka ga sai ka zauna inda aka san ba ka nan in ba ka nan."

Kwana goma sha takwas muka yi muna aiki. Kowace unguwa da ranarta. Maza na haƙa da kwasar dutse, mata na jido ruwa daga rijiya don jiƙa bututun, magina biyu na garin suka kama aikin kamar sun shekara suna yi. Hannuna ya yi kanta, bayana ya riƙe, na yi baƙi har Rabi da ta zo ta kusa wuce ni. Rabon da in ga abin da na zana ya tashi daga takarda ya tsaya a ƙasa har na manta. Kullum da hantsi Yaya za ta sa a kawo mata kujera bakin kwarin, ta zauna da ƙwaryar fura a lulluɓe, ba mai taɓawa sai ni. In na yi wa magina faɗa ta ce, "Auta, a hankali, ba ma'aikatanka ba ne, masu garin ne."

Ranar da aka gama bango na biyu, saura cikon ƙasa kawai, na ce mata gobe zan koma. A nan na sake tayar da maganar Alhaji, don amana ce. Ta ce, "Ka ce wa Yaya Sule na gode, ya ajiye mani ɗakin, zan zo in kwana ciki da azumi. Amma a Katsina me zan zama? Tsohuwa a ƙuryar ɗaki, ana kawo mata tuwo. Nan kuwa in famfo ya lalace ƙofata ake bugawa. Kuma ga Malam kwance a nan." Na san gaskiya ta faɗa.

Da safe ta rako ni har bakin kwarin, duk da na hana ta. Ta ba ni ƙullin kilishi na Alhaji, da zogale busasshe na mai ɗakina. Ni ta ce ba ta da abin ba ni. Na durƙusa in yi mata sallama, sai na ji bakina na cewa, "Yaya, ki yafe mani rashin zuwa." Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Ai ka zo." Motar ta tashi, ina waiwaye ina ganinta tsaye da sandarta har ƙura ta rufe.

Dawowa ba wani labari, sai dai jandarman nan ya gane ni, ya nuna ƙirjinsa yana tambaya ko katin na nan a ma'ajiyarsa. Alhaji Sule ya yi fushi kwana biyu, ya ce an aike ni ɗauko mutum na je na zama lebura. Da ya ci kilishin ya sauko.

Masu tambayata wane tsari ya fi, nasu ko namu, ba ni da amsa guda. Na ga magajin gari da ke da ikon yanke magana amma wata uku bai biya mai sharar ofis ba. Na kuma san shugabannin da kuɗi ke ratsa sunansu duk wata ba su isa su ce a sayi buhun siminti ba. Abin da na tabbatar kawai, matar da ba ta iya rubuta sunanta ba ta kira sunaye bakwai a rumfa, aka ɗaga hannu, aka yi aiki.

Ranar Talatar makon jiya, wajen ƙarfe goma na safe, ina zaune a ofis sai ga wayarta. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yi shiru ka saurara." Na manna wayar a kunne. Ruri nake ji, mai ƙarfi, na ruwa da ke dannawa ta cikin bututu. Can kuma sai na ji ƙarar ƙafar amalanke a kan tsakuwa, da muryar mai kora shanu, suna wucewa ta sama. Ta dawo kan wayar tana haki, da alama da ƙafa ta tako har wurin cikin yayyafi. Ta ce, "Hadiza ce, ta uku a cikin bakwai ɗin. Naƙuda ta kama ta da asuba. Sun ƙetare."

Na ce, "Yaya, koma gida kada sanyi ya kama ki."

Ta ce, "Zan koma. Bari in ga sun shiga likita tukuna."